Kason Zango a furotokol ba zai fisshe mu ba

Duk lokacin da aka ce an buɗe ɗaukar 'yan sanda, ko soja, ko jami'an shige da fice, ko 'yan kwana-kwana, unguwanninmu na Zango a Akra, babban birnin Gana, kan shiga wani hali da kowa ya sani. Daga Nima zuwa Mamobi, daga Fadama zuwa Madina, iyaye mata kan fito da takardun 'ya'yansu cikin ambulan, a tafi gaida Onarabul, wato ɗan majalisa, tun kafin rana ta ɗaga. Wadda ba ta isa ganin Onarabul ba ta nemi ciyaman na jam'iyya, wadda ciyaman ya fi ƙarfinta ta nemi asambuliman, wato kansilan unguwa, wata kuma ta bi ta wurin limami ko sarkin unguwa a yi mata kamun ƙafa. Roƙon iri ɗaya ne a ko'ina: "Alhaji, ga ɗanka nan ya gama makaranta yana zaune, a taimaka a sa mana shi a furotokol." Furotokol ɗin nan shi ne guraben aikin da ake ware wa manya su kawo nasu ta bayan fage. Amsar ma ba ta canzawa: "To Hajiya, a bar takardun, in Allah ya yarda za mu duba."

Ban ga laifin uwar nan ba ko kaɗan. Ta sayar da koko da ƙosai shekara da shekaru ta biya kuɗin jami'a, yaro ya gama, ya yi hidimar ƙasa, ya dawo yana yini a bes, wato majalisar samari, ana shan ataya. Duk ƙofar da aka nuna mata za ta ƙwanƙwasa. Inda nake da magana shi ne wurin manyanmu, waɗanda ake miƙa wa makirufo ranar idi ko wurin mauludi ko lokacin kamfen, ga shugabanni zaune suna saurare. Sau da yawa abin da suke roƙa shi ne a ware wa Zango kasonta in an tashi rabon guraben aiki. A ganina wannan roƙon cutar da mu yake yi, kuma ko an amsa shi ba inda zai kai mu. Abin da ya kamata mu nema da babbar murya shi ne a daina rabon gaba ɗaya, a ɗauki ma'aikatan gwamnati a fili, da jarrabawa, da makin da kowa zai iya gani.

Na san za a ce wannan zancen 'yan boko ne da ba su san yadda ƙasar take tafiya ba. To bari mu yi lissafi, tunda a lissafi ɗan kasuwa ya fi ɗan boko.

A farkon 2018 hukumar shige da fice ta tashi ɗaukar mutum 500. Waɗanda suka nema sun haura 84,000, kuma kowannensu ya sayi bauca, wato katin cike fom, ta sidi 50. Wato an karɓi sama da sidi miliyan huɗu daga hannun marasa aikin yi, don a ɗauki mutum ɗaya a cikin kusan 170. Ranar 12 ga Nuwamba 2025 kuma, a filin wasa na El-Wak, wanda ɗan Mamobi zai iya takawa da ƙafa ya je, dubban matasa suka yi dafifi tun da asuba don tantancewar shiga soja. Aka yi turmutsutsu a bakin ƙofa, mutum shida suka rasu, aka kwashi waɗanda suka jikkata zuwa asibitin sojoji na 37. Allah ya ba iyayensu haƙuri.

Ba sha'awar kaki ce kaɗai ta kai su can ba. Aikin gwamnati shi ne wanda albashi ke shigowa ƙarshen wata ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Shi ne mai fansho a SSNIT, hukumar fansho ta ƙasa, shi ne wanda banki ke duba takardar albashinsa ya ba ka rance, mai gidan haya ya yarda da kai, iyayen yarinya su saurare ka. Galibin masu neman abinci a ƙasar nan, wajen takwas cikin goma, a kasuwa suke da gareji da bakin titi, inda babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ita kuma ƙofar gwamnatin kullum tsukewa take. Da aka shiga shirin IMF, asusun ba da lamuni na duniya, a 2015 an taƙaita ɗaukar ma'aikata in ban da ɓangaren ilimi da lafiya, a kasafin kuɗin 2023 aka sake sanar da dakatar da ɗauka. Ko nas da aka horar da kuɗin gwamnati sai ta shekara biyu ko uku a gida tana jiran Ma'aikatar Kuɗi ta ba da izinin a sa ta a albashi. NABCO, shirin ba masu digiri aikin wucin gadi, da aka ƙaddamar a 2018 ta kwashi mutum 100,000 a kan alawus na sidi 700, ta ƙare a 2022, da yawa suka koma gidan jiya, har da bashin watannin da ba a biya su ba. Sakandare kyauta da aka fara a 2017 alheri ce babba, amma tana nufin kowace shekara masu riƙe da takarda ƙaruwa suke yi.

A cikin wannan ƙuncin ne ake gutsure furotokol. Ba wanda zai rubuta maka shi a takarda, amma 'yan siyasa da bakinsu sun sha amsawa a gidajen rediyo cewa akan ba manya wasu gurabe su kawo nasu. To in rabo na sanayya ne, wa zai fi samu? Wanda ya fi yawan mutane a inda ake rabon. Akwai gidajen da kaka darakta ne, uba darakta ne, ɗa yana zaune a hukumar gudanarwa. An buɗe makarantar Mfantsipim tun 1876, ta Achimota a 1927, tsofaffin ɗalibansu sun cika ofisoshi tun kafin 'yancin kai. Mu kuwa kakanninmu sun guji makarantun mishan don tsoron a raba 'ya'yansu da addini, kuma suna da hujjarsu a lokacin. Sai a 1987 aka kafa sashen ilimin Islamiyya a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa, makarantunmu suka fara haɗa allo da boko a hukumance. Wanda ya shigo a makare haka, in ya yarda a yi takara da yawan waɗanda aka sani a sama, ya sa hannu a kan kayensa tun kafin a fara. A jarrabawa kuwa yaron Nima da ya yi karatu a ƙarƙashin fitilar titi yana iya doke ɗan darakta, kuma mun sha ganin haka a sakamakon jami'o'i.

Sannan ɗan abin da ke isowa ɗin, ina yake tsayawa? A ce an ba Onarabul gurbi uku, ga mutum dubu a ƙofarsa. Ɗaya na ɗan ciyaman ne, ɗaya na ƙanin uwargida, na ukun a ba yaron da ya fi kowa ɗaga murya ranar zaɓe. Marainiyar da ta fi kowa sakamako a layin ba ta da uwa a gindin murhu, ko sunanta ba zai kai teburin ba. Abin da ake kira kason Zango, in ka bi diddigi, kason gidaje biyar ne a cikin Zango, sauran kuma an saya musu shiru da sunan cewa an ba "mutanenmu".

Mun ma gwada, ba sau ɗaya ba. Marigayi Alhaji Aliu Mahama ya yi mataimakin shugaban ƙasa daga 2001 zuwa 2009, Dakta Mahamudu Bawumia ya yi daga 2017 zuwa farkon 2025. Shekara goma sha shida ke nan Musulmi na kan kujera ta biyu a ƙasar. An kafa ma'aikata sukutum ta raya Zango a 2017 kafin a rushe ta a 2021, an yi dokar asusun raya Zango, an gina filayen ƙwallo da ajujuwa. A 2025 aka naɗa Alhaji Muntaka Mohammed-Mubarak na Asawase ministan harkokin cikin gida, ma'aikatar da 'yan sanda da shige da fice da gidan yari da kwana-kwana ke ƙarƙashinta. Ban kawo sunayen nan don zargin kowa ba. Nufina shi ne, da samun namu a sama yana magance zaman banza, da tuni an rasa masu zama a bes. Minista na yau ne, gobe wani ne a kujerar. Alfarmar da ya yi wa mutum ashirin tana tafiya tare da shi, tsarin da ya kafa kuwa wanda ya gaje shi zai sha wuya kafin ya rushe.

Akwai wata ɓarna ta furotokol da ba a cika lissafawa ba, ita ce kasuwar da ya buɗe wa 'yan damfara. A 2015 ɗaruruwan matasa suka isa makarantun horar da 'yan sanda da akwatunansu da takardun shaidar an ɗauke su, ashe takardun na jabu ne, bayan sun biya dubban sidi. Abin ya kai har aka dakatar da babban jami'in da ke kula da sashen ma'aikata na rundunar don a yi bincike. Wannan shi ne wanda ya fito fili. Ƙananan kuwa kullum ana yi: a bugo waya a ce Kanar wane ne, akwai gurbi ɗaya da ya rage, a turo kuɗin gwajin asibiti ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, kafin azahar. Uwa ta ɗauki adashinta, ta sayar da zannuwan da take tarawa na auren ƙanwarsa, ta tura. Daga nan layin ya daina shiga. Ba za ta je wurin 'yan sanda ba, don ta san ita ma sayen abin da ba na sayarwa ba ta je yi. Ɗan damfarar ba shi da wani jari sai imanin da muka yi cewa ba a samun aiki sai ta bayan fage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma duk ranar da wani babba ya tsaya a taro ya roƙi kaso, ƙara faɗaɗa tsagar yake yi.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurin masu neman kaso ita ce ana nuna mana bambanci, don haka in ba a ware mana ba ba za mu taɓa shiga ba. Rabin farko na maganar gaskiya ne, kuma ba zan yi mata kwaskwarima ba. Fom ɗin neman aiki yakan tambayi garinku na asali. Yaron da aka haifa a Nima, aka haifi ubansa a Nima, kakansa ya sauka a nan tun zamanin Malam Amadu Futa da ya kafa unguwar, me zai rubuta? In ya rubuta Nima a ce Nima ba garin kowa ba ne. Sai ka ga ya rubuta Bawku ko Salaga ko Yendi, garin da bai taɓa kwana a cikinsa ba. Tabon dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a Nuwamba 1969 bai gama warkewa ba, shi ya sa har yau mai suna irin namu kan sha tambayoyi wajen karɓar katin ɗan ƙasa waɗanda ba a yi wa wanda ke gabansa a layi. 'Yan matanmu kuma an sha ce musu su cire hijabi a wurin aiki ko wurin koyon aikin jinya, har ta kai an yi zanga-zanga a kan haka a 2015 da 2019.

Abin da ban mamaki a ce ɗan Zango ne ake tuhumar asalinsa a ƙofar bariki. Rundunar da ta zama sojan Gana da Hausawa aka fara ta: Turawa sun kwaso dakarun Hausawa daga Ikko don yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, a 1879 aka kafa rundunar Gold Coast da su, kuma Hausa ta daɗe tana harshen bariki. Ba wani abin tunƙaho ba ne, aikin Bature suka yi, amma dai ba jiya muka zo ba.

To amma ta yaya ake kama mai nuna bambanci? Doka tana nan. Sashe na 17 na kundin tsarin mulkin 1992 ya hana bambanta mutane saboda jinsi ko ƙabila ko addini. Sashe na 35 ya ɗora wa gwamnati daidaita yankuna da jinsi wajen ɗaukar ma'aikata. Dokar ƙwadago ta 2003, mai lamba 651, a sashenta na 14 ta hana mai ɗaukar aiki ya ƙi mutum saboda addininsa ko asalinsa ko siyasarsa. Matsalar ita ce doka shaida take nema, shi kuwa furotokol ba ya barin sawu. In an liƙa maki a bango, yarinyar da ta ci 80 aka bar ta aka ɗauki mai 55 tana da abin da za ta riƙa ta tafi CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, ko kotu. In kuwa a ɗaki aka yi rabon, iyakar abin da za ta ji shi ne "ba rabonki ba ne, sai wani jiƙon." Kuma mu da muka karɓi gurbi uku ta bayan gida, da wane baki za mu yi ƙarar wanda ya karɓi talatin?

Da ni ake ba makirufon nan, ga abin da zan roƙa. A faɗi adadin guraben kafin a sayar da fom ko ɗaya, don mutum ya san abin da yake saya. A soke kuɗin bauca ko a mayar da shi abin da bai taka kara ya karya ba, domin bai dace hukuma ta ci riba da rashin aikin talaka ba. A yi tantancewa gunduma gunduma, a aika wa kowa ranarsa da sa'arsa ta waya, kada a sake tara dubbai a ƙofa ɗaya. A ba wata hukuma ta daban, irin WAEC, ta shirya jarrabawar ta kuma yi makin, sannan a buga sunaye da maki da gundumar kowa. Kuma a lissafa mutum da inda aka haife shi yake zaune, a bar tone-tonen garin kakansa. Wannan na ƙarshen shi kaɗai zai yi wa Zango abin da kaso bai taɓa yi mata ba. Tun 2019 akwai dokar 'yancin neman bayani, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya tambayi mutum nawa aka ɗauka, daga ina suke. Ƙungiyoyin matasanmu sun iya buga riguna da shirya gasar ƙwallo. Wasiƙa ɗaya irin wannan ba ta kai kuɗin riga biyu ba.

Kada a fahimce ni da cewa sanayya haramun ce. Zango da sanayya aka gina ta. Tun zamanin fataucin goro daga Salaga da Kumasi, baƙo in ya sauka wurin maigida yake sauka. Maigida ya ba shi masauki, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa lamuni, in mai sayen ya gudu da kaya maigidan ne zai biya daga aljihunsa. Har yau haka ake yi a karar shanu ta Tulaku a Ashaiman. Haka uba ke kai ɗansa wurin mai gareji da goro a hannu ya ce, "Ga shi nan, amana, in ya yi ba daidai ba ni za ka nema." Mai tsaya wa mutum a wannan tsarin ya sa sunansa da dukiyarsa a ciki, shi ya sa ba ya tsaya wa kowa da ka. Mai ba da furotokol ba abin da ya jingina. In yaron da ya cusa ya zama ɗan sandan da ke tatsar direbobi a hanyar Kumasi, ko ma'aikacin asibitin da bai san aikinsa ba, jama'a ne za su ɗanɗana. Kuma kujerar da ya bayar ba ta gadonsa ba ce, ta masu biyan haraji ce.

Saboda haka ƙannena masu neman aiki, irin waccan sanayyar ta farko za ku nema, wadda mutum zai ce "na ga aikinsa da idona." Wurin samunta mafi sauƙi shi ne hidimar ƙasa. Tun 1973 ake yin ta, alawus ɗinta kuma, sidi 715 da 'yan kwabbai da aka mayar da shi a 2023, ba ya kai mutum ko'ina, na sani. Amma ita ce shekara ɗaya tak da za a buɗe maka ofis ka shiga ba tare da ka roƙi kowa ba. Abin takaici sai ka ga yaro yana neman hanya a tura shi inda zai riƙa zuwa sa hannu sau ɗaya a wata. Ya gama shekarar ba wanda ya san fuskarsa, balle ya rubuta masa takardar shaida. Wanda ya je ya zauna, ya koyi yadda ake rubuta rahoto, ya zama shi ake nema in kwamfuta ta ƙi, ko ba a riƙe shi ba ya fita da mutum biyu ko uku da za su ɗaga waya su yi magana a kansa.

Na taɓa zama cikin masu yi wa mutane intabiyu a wata ƙungiya mai zaman kanta, kuma abin da na ga yana kayar da 'ya'yanmu tun kafin a kira su ya fi ban haushi fiye da ban tausayi. Suna ne. A takardar WAEC Mohammed, a katin ɗan ƙasa Muhammad, a digiri an ƙara sunan kaka, ranar haihuwa kuma iri biyu don wani malami ya ƙiyasta ta ranar da aka sa shi aji ɗaya. Magatakarda ba zai tsaya bincike ba, gefe zai ajiye fayil ɗin. Wannan ana gyara shi da takardar rantsuwa da buga suna a gazet, amma yana cin lokaci, don haka a yi shi tun ana makaranta, kada a bari sai an buɗe ɗauka. Wanda ya yi karatu a Madina ko Azhar ko Sudan ya kai takardarsa hukumar GTEC mai kula da manyan makarantu a tantance matsayinta, in ba haka ba a idon ofis kamar bai yi ba. Sai takardar tarihin karatu da aiki, wadda ake kwafowa a shagon intanet: kowa mai ƙwazo ne, kowa mai gaskiya ne, har kuskuren rubutun iri ɗaya. Alhali yaron nan yana jin Hausa da Twi da Ga da Turanci, yana karanta Larabci, wataƙila har da Faransanci in yana da dangi a Lome ko Yamai, amma bai rubuta ko ɗaya ba don yana ganin ba abin faɗa ba ne. Ya riƙe wa mahaifiyarsa littafin shago shekara huɗu, ya koyar da yara a makarantar dare, ya yi ma'ajin ƙungiya ba a taɓa neman ko sisi an rasa ba. Kamfanin da ke sayar da kaya a kasuwar Tudu ta Akra ko yake hulɗa da 'yan kasuwar Nijar da Burkina irin wannan mutumin yake nema ruwa a jallo.

Kuɗi kuwa, kada a biya kowa don ya ba da aiki. Kamfanin da ke sama wa mutane aiki sai da lasisin gwamnati, kuma dokar ƙwadago ta ce in wata uku ya wuce bai sama maka ba ya mayar maka da rabin abin da ka biya. Ka nemi ganin lasisin, ka karɓi rasit. Wannan ya fi shafar 'yan matanmu da ejan-ejan ke yi wa romon baka da aikin ƙasashen Larabawa. A 2017 gwamnati ta dakatar da kai 'yan aikin gida can saboda yawan rahoton cin zarafi, sai masu harkar suka koma fitar da su ta ƙasashe maƙwabta. Sau da yawa ejan ɗin ɗan unguwa ne, a sahu ɗaya muke salla.

Wannan ya kawo ni kan namu masu ɗaukar aiki, don bai kamata mu tuhumi gwamnati mu tsallake kanmu ba. Muna da alhazai masu manyan motocin da ke ɗaukar kaya daga tashar Tema zuwa Wagadugu da Bamako da Yamai, masu gidajen mai, masu canji, masu kamfanonin Hajji da Umara, masu makarantun kuɗi. In aka haɗa ma'aikatan da suke buƙata sun ninka duk wani kaso da Onarabul zai taɓa kawowa. Amma yaya suke ɗauka? Hajiya babba ta ce, "Ga ɗan ƙanwarka nan, ka riƙe shi a wurinka." Shi ke nan an samu akanta, ko da bai san bambancin riba da uwar kuɗi ba. In kuɗi suka fara ɓacewa ba dama a kore shi, don zumunci zai lalace, sai a yi ta haƙuri har jarin ya karye. Yarinyar da ta karanta harkar akanta a Jami'ar Gana da ke Legon tana layi na biyu daga gidan Alhaji, ba ta ma ji ana nema ba. Me zai hana a liƙa sanarwa a allon masallaci, ko a faɗa bayan sallar Juma'a? A zaunar da mutum uku su gana da masu nema, a miƙa wa kowa littafin ciniki na wata ɗaya a ce ya fitar da lissafi, a ga wanda ya iya. In ɗan ƙanwar ne ya ci, madalla. In ba shi ba ne, a taimake shi da jari ko kuɗin koyon sana'a, a bar wa mai iyawa littafin.

Wanda aka ɗauka ɗin ma, "ai na gida ne" ta zama hanyar danne masa haƙƙi. Doka ta ce duk aikin da zai kai wata shida sai da kwantiragi a rubuce, ma'aikaci yana da hutun aƙalla kwana 15 a shekara, mai jego tana da mako 12. A SSNIT mai aiki yana zuba kashi 13 cikin ɗari, ana cire biyar da rabi daga albashin ma'aikaci. Mafi ƙarancin lada a 2025 sidi 19 ne da kwabo 97 a yini, kuma na san makarantun kuɗi a unguwanninmu da in ka raba abin da suke ba malami da kwanakin wata da ƙyar zai kai hakan. In malamin ya yi magana a ce masa aikin Allah ne, alhali kuɗin makarantar da ake karɓa daga iyaye ba a barin ko kwabo don Allah. Mu ne fa muke karanta hadisin da ya ce a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani umarni ce a rubuta bashi in an ƙulla.

Mafi arhar abin da Alhaji zai yi, wanda kuma aka fi sakaci da shi, shi ne takardar shaida. Yaro ya yi shekara shida yana kula da sito, yana lissafin man motoci goma, yana fitar da kaya daga Tema, amma ranar da ya je neman aiki a babban kamfani aka ce ya kawo shaidar ƙwarewa ba shi da ko fallen takarda, sai a lissafa shi da wanda bai taɓa aiki ba. Shafi ɗaya ne: sunan kamfani a sama, ranar da ya fara da ranar da ya bari, ayyukan da ya riƙe, sa hannu, hatimi, da lambar wayar da in an kira za a ɗaga. Wasu iyayen gida suna ƙin bayarwa da gangan don kada yaron ya samu inda ya fi ya tafi. Wasu kuma ba su taɓa tunanin abin yana da amfani ba, kuma waɗannan in yaran suka rubuta da kansu suka kawo musu, za su sa hannu.